Canjin Kuɗi a Ƙasar Mutane

Dala ɗari ta Amurka riyal 375 ce a Saudiyya. Haka take bara, haka take shekaru ashirin da suka wuce, domin tun 1986 Saudiyya ta ɗaure kuɗinta a jikin dala a kan riyal 3.75, kuma har yau ba ta kwance ba. Duk shekara idan tashin alhazai ya gabato, wannan lissafin ne abu na farko da nake faɗa wa wanda ya zo yi mini sallama, tun kafin mu kai ga maganar maganin mura da takalmin da ba ya cin ƙafa. Sana'ata fataucin yadi da atamfa ce a Kantin Kwari, kuma ita ta sa na tsaya a gaban tagogin 'yan canji a Jidda da Dubai da Kwatano da Alƙahira. Abin da na gani a wuraren nan ɗaya ne. Mutumin da ya san adadin da ya kamata a miƙo masa, da wuya a cuce shi. Wanda bai sani ba kuwa, ko nawa aka ba shi sai ya karɓa ya yi godiya.

Mutanenmu sun fi tsoron ɓarawo, shi ya sa ake ɗinka lalita, ake ɗaure ta a ƙugu a ƙarƙashin riga. Wannan daidai ne. Sai dai yawancin kuɗin da matafiyi ke rasawa ba sace shi ake yi ba. A gaban idonsa yake zurarewa, da yardarsa, kaɗan-kaɗan, a wajen canji.

Ga yadda abin yake. A kowane shagon canji za ka ga allo mai layi biyu, farashin saye da farashin sayarwa. Da bakin mai shagon aka rubuta su, ba da bakinka ba. Idan dala ka kawo, shi ne mai saye, don haka ƙaramin adadin ne naka. Idan dala kake nema, babban adadin za ka biya. Ratar da ke tsakanin biyun ita ce ribarsa, kuma halal ɗinsa ce, yana biyan haya, yana biyan yaransa, yana ɗaukar kasadar jabu. Ban taɓa jin haushin ɗan canji don ya ci riba ba. Abin da nake so matafiyi ya gane shi ne, duk lokacin da kuɗinsa ya sauya kama sai an gutsiri wani abu. Ka kai naira Wapa a Fagge ka sayi dala, an gutsira. Ka mayar da dalar riyal a Makka, an gutsira. Ka dawo da ragowar riyal ka mayar naira, an sake gutsira. A ce kowane canji ya ci biyu cikin ɗari kacal, to wanda ya yi wannan zagayen da kuɗin da ya kai dala dubu ya bar wajen dala sittin a hanya bai sayi ko dabino ba. Saboda haka kafin ka tambayi inda ya fi farashi, fara tambayar kanka sau nawa kuɗin nan zai shiga hannun ɗan canji, ka rage yawan.

A filin jirgi ratar nan ta fi faɗi a kusan ko'ina. Hayar wurin tana da tsada, kuma sun san wanda ya sauko daga jirgi a gajiye ba shi da wani zaɓi. Ni dai abin da nake canzawa a can bai wuce kuɗin tasi da layin waya da abincin yini ɗaya ba, sauran sai na shiga gari. Otal ma haka yake, ko ya fi. Akwai kuma shagunan da ke manna takarda cewa ba sa karɓar la'ada. Gaskiya ne ba sa cire ta daban, sun riga sun cusa ta cikin farashin. Wasu kuma farashinsu a allo ya yi kyau, sai ka miƙa kuɗi a ce akwai kuɗin aiki. Tambaya ɗaya ce ke raba wannan gardama, kuma a yi ta tun kuɗin yana aljihu: idan na ba ka dala ɗari, nawa za ka sa mini a hannu? Ko ba ka jin yarensa, nuna masa takardar, ka miƙa masa na'urar lissafin da ke wayarka, zai buga maka adadin.

Ita kanta dalar ba ɗaya ba ce a idon ɗan canji. Akwai tsohuwa mai ƙaramin kai, wadda aka buga kafin 1996. Akwai mai babban kai da ta biyo bayanta, wadda 'yan kasuwa ke ce wa fara. Sai sabuwar dala ɗari mai shuɗin zare a tsakiya, wadda ta fito a watan Oktoba na 2013. Gwamnatin Amurka ta ce dukkansu kuɗi ne, babu wadda aka soke. Amma kai ba a Amurka za ka canza ba. A shaguna da yawa a Afirka da Asiya, tsohuwar ko dai a ƙi ta, ko a rage mata daraja, saboda ta fi sauƙin yi wa jabu. Haka wadda ta yage ko da kaɗan ne, ko aka buga mata hatimi, ko aka yi rubutu a kanta, ko ta sha gumi ta yi laushi. A wurare da dama kuma ƙananan takardu, 'yan ɗai-ɗai da biyar-biyar da goma-goma, farashinsu bai kai na ɗari-ɗari ba. Don haka gyaran tun daga gida ake yinsa. Idan kana sayen dala a Wapa ko a Zone 4 a Abuja, ka ce sabuwa kake so, ka duba kowace takarda gaba da baya, wadda ba ta yi maka ba ka mayar nan take. Kada kuma a nannaɗe ta kamar laya a cusa a lalita. A sa ta a miƙe cikin ambulan, a sa ambulan cikin leda.

Akwai wani abu game da dala da yake hana ni sukuni idan na tuna tsofaffinmu. Duk takardun dala girmansu ɗaya. Dala ɗaya da dala ɗari tsawonsu ɗaya, faɗinsu ɗaya, kuma ga wanda bai saba ba launinsu ma kusan ɗaya. Mu kuwa mun saba gane kuɗi da launi. A 2024 guzurin da aka ƙayyade wa kowane alhajin Najeriya dala 500 ne, wato takarda biyar kacal idan ɗari-ɗari ce, riyal 1,875 a farashin hukuma. Mugu ba ya buƙatar wata dabara mai tsawo. Ya ce kawo in taya ki ƙirgawa, Hajiya, ya musanya takarda biyu da 'yan dala ɗai-ɗai, ya miƙo mata biyar cif kamar yadda ya karɓa. Ba za ta sani ba sai a gaban taga a Madina, inda babu wanda za ta kama.

Shekarar da gwaggona za ta sauke farali, na zaunar da ita na baza mata takardun a kan tabarma. Ta dube su ta ce, "Ɗan nan, ni fa duk iri ɗaya nake ganinsu." Na ce, "Gwaggo, bar kallon fuskar. Dubi kusurwa. Sanda ɗaya da ƙwai biyu, ita ce ɗari. Ga kuma shuɗin zaren nan a tsakiya. Wadda ba ta da su ba taki ba ce." Muka maimaita har ta riƙa zaro ta da kanta daga cikin sauran. Sannan na ce ta haddace magana ɗaya: kowace takarda riyal ɗari uku da saba'in da wani abu. Duk mai dattijo ko dattijuwa da za su tafi, ina roƙonsa ya ba su wannan rabin sa'ar. Ta fi jakar tsaraba amfani.

Riyal ɗin ma a nuna musu, ko a hoton waya ne. Ɗari biyar shuɗiya ce, da hoton Ka'aba. Ɗari ja ce, da masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Hamsin koriya. A lura da lambobin Larabci, domin biyar ɗinsu zagaye ce kamar sifilin boko, sifilinsu kuma ɗigo ne kawai. Wanda ya rikice ya juya bayan takardar, akwai lambar boko a can.

A Makka da Madina shagunan canji masu lasisi, waɗanda ake kira sarrafa, suna nan da yawa a kewayen Harami. Da yake riyal a ɗaure take, ba za ka ga bambanci mai yawa tsakaninsu ba. Abin da za a ba ka a dala ɗari zai ɗan gaza 375 kaɗan, wannan shi ne rabon mai shago. Idan ka ji an ce 350, ɗauki kuɗinka ka matsa gaba. Sukan nemi shaidar ko kai wane ne, su ba ka rasit. Karɓi rasit ɗin ka adana. Ka ƙirga kuɗin a nan gaban tagar, ko da layi ya kai bakin titi, ko da na bayanka yana tsaki, domin da zarar ka juya baya magana ta ƙare. Mu Hausawa muna da kara, muna jin nauyin ƙirga kuɗi a gaban wanda ya ba mu, kamar mun zarge shi. A wajen canji babu wannan. Shi ma da ka ba shi naka sai da ya sa a na'ura. Malamanmu na fiƙihu ma sun shar'anta cewa canjin kuɗi da kuɗi hannu da hannu ake yinsa a zama ɗaya, ba a rabuwa da saura a wuyan wani. Wanda ya ce ka bar dalar ka dawo bayan la'asar ka karɓi riyal, ya saɓa wa addini, ya kuma saɓa wa hankali.

Kada ka bari a haɗa ka da 'yan ɗari biyar-biyar zalla. Mai shayi da mai tasi da mai tura keken guragu ba su da canjinta, kuma fito da ita a cikin cunkoso talla ce ga ɓarayi. Ka ce a fasa maka ɗaya zuwa hamsin-hamsin da goma-goma.

Sai maganar 'yan uwanmu da ke zagaya masaukan alhazai suna canji a hannu. Da Hausa za su yi maka magana, wani ma ya san unguwarku, kuma suna karɓar naira, wadda shagon hukuma ko ya karɓa sai da farashi mai ciwo. Yanzu har an fi yin ta waya: ka tura naira zuwa wani asusu a gida, a ba ka riyal a hannu. Ba zan ce dukkansu macuta ba ne, na san masu amana a cikinsu, kuma sun fitar da mutane da yawa daga kunya lokacin da guzuri ya ƙare. Amma a san abin da ake shiga. Dokar Saudiyya ba ta yarda da canji ba tare da lasisi ba. Babu rasit, babu wurin kai ƙara, kuma ba ka san kuɗin wa ke shiga asusun da ka tura wa ba. Wanda ya yi maka tayin da ya zarce 375 a dala ɗari kuwa, ka tuna banza ba ta kai zomo kasuwa. Babu mai sayen dala sama da abin da banki zai sayar masa sai da dalili, kuma dalilin yakan zama jabu ko ƙirgen da hannu ya fi ido sauri.

Dubai ma lissafinta a tsaye yake. Dirhami 3.67 ne a dala ɗaya tun 1997, wato dala ɗari dirhami 367. Shagunan canji a Deira sun yi yawa har gasa ta sa ratar ta yi ƙanƙanta, sai dai ka riƙe fasfo a jikinka domin za a tambaya.

Inda na fi ganin 'yan kasuwarmu suna asara ba tare da sun lura ba shi ne ƙasashen sefa. Mun saba da cewa dala ce uwar kuɗi, sai mutum ya sayi dala zai tafi Kwatano ko Lome ko Yamai. Alhali sefa a jikin yuro take ɗaure, yuro ɗaya sefa 655.957, ba ta motsi. Yuro ɗari sefa dubu sittin da biyar ne da ɗari biyar da 'yan kai, yau da gobe da jibi. Dala kuwa kullum hawa da sauka take a kan sefa, kuma ɗan canji yana ƙara ratarsa don ya kare kansa daga wannan motsin. Wanda ya riga yana da yuro, ita zai ɗauka. Wanda naira ce a hannunsa kuma zai shiga Nijar ta Jibiya ko Maigatari ko Illela, babu dalilin ya bi ta kan wani kuɗin Turawa. Ya sayi sefa kai tsaye, canji ɗaya maimakon biyu. 'Yan canjin bakin iyaka sun san farashin ranar fiye da kowa, sai dai a tambayi biyu ko uku kafin a tsaya.

Sefa kuma iri biyu ce, wannan ya kayar da mutane da yawa. Akwai ta yamma, wadda ƙasashe takwas ke kashewa, ciki har da Nijar da Benin da Togo da Mali da Senegal, babban bankinta yana Dakar. Akwai ta tsakiya, ta ƙasashe shida, ciki har da Kamaru da Chadi da Gabon, babban bankinta yana Yawunde. Darajarsu a kan yuro ɗaya ce daidai, amma takardunsu daban, kuma mai shago a Garwa ko Njamena ba zai karɓi jikar Maraɗi ba. Dole ka kai ta wajen ɗan canji, shi kuma ya cire nasa, duk da cewa a takarda dubu ɗaya dubu ɗaya ce. Idan za ka sayi sefa a Kano ko Maiduguri, faɗi ƙasar da za ka.

Akwai kuma yadda ake ƙirge a kasuwannin Nijar, wanda baƙo daga Najeriya ya kamata ya sani kafin ya yi ciniki. A can idan an ce dala, sefa biyar ake nufi. Dala ashirin sefa ɗari ce, dala ɗari sefa ɗari biyar, jika kuma dubu. Wanda bai san haka ba zai yi ciniki a kan adadi ɗaya, a wajen biya a nemi ninkinsa biyar, a yi ta rantse-rantse alhali babu wanda ya yi ƙarya. A Ghana ma akwai makamancin haka: tun 2007 aka cire sifili huɗu daga sidi, amma har yanzu za ka ji wasu 'yan kasuwa suna kiran farashi da tsohon ƙirge, su ce miliyan ɗaya suna nufin sidi ɗari.

Duk abin da na faɗa a kan riyal da dirhami da sefa ya tsaya ne a kan cewa kuɗaɗen a ɗaure suke. A ƙasar da kuɗinta ke yawo, shawarar takan juya. A Masar, a watan Maris na 2024, fam ya faɗi daga wajen 31 a dala zuwa wajen 50 a yini ɗaya. Ɗalibi ko majinyacin da ya canza duk dalarsa ana gobe abin zai faru ya wayi gari da asarar fiye da kashi ɗaya cikin uku. A irin waɗannan ƙasashe ana canza abin da za a kashe cikin mako ne, sauran a bar shi a dala. Kuma a Masar canji a bayan fage laifi ne da ke kai mutum kurkuku, kada wani ya ja ka lungu. Adadin da za ka riƙe a kai a nan ba na dindindin ba ne, don haka a duba shi a intanet da safen ranar da za a canza, a san cewa abin da shago zai bayar zai ɗan gaza wanda waya ta nuna.

Masu zuwa China sari su sani tsabar kuɗi ta ja baya sosai a can. A Guangzhou har mai sayar da 'ya'yan itace ta waya ake biyansa, da Alipay ko WeChat Pay, kuma gara a shirya wannan tun kafin a tashi. Canji a banki sai da fasfo, kuma yana cin lokaci.

Katin banki yana da amfani, amma ban yarda mutum ya dogara da shi kaɗai ba. A 2022 bankunan Najeriya da dama sun hana katin naira aiki a waje, sai a 2025 wasu suka buɗe, da iyakar abin da za a iya kashewa. Je ka bankinka ka tambaya kafin tafiya, kada ka bari sai a gaban na'urar cire kuɗi a ƙasar da ba ka san kowa ba. Idan katin yana aiki, akwai tarko ɗaya da ke jiran kowa. Na'urar, ko ta biyan kuɗi a shago, za ta tambaye ka ko a caje ka da kuɗin ƙasar da kake ko da kuɗin katinka. Na biyun ya fi daɗin gani tunda adadi ne da ka saba da shi, amma idan ka zaɓe shi ka ba masu na'urar damar yanka nasu farashin, wanda kusan kullum ya fi na bankinka tsada. Zaɓi kuɗin ƙasar da kake tsaye a cikinta. Kuma tunda kowace cira tana da nata caji, cira ɗaya mai ɗan kauri ta fi ƙanana biyar.

Ɗaukar tsabar kuɗi mai yawa ba laifi ba ne, ɓoye ta ne laifi. A Najeriya abin da ya haura dala 10,000 ko kwatankwacinsa sai an bayyana wa kwastan, a fita da shiga. Ƙasashen Tarayyar Turai yuro 10,000 ne. Saudiyya da Dubai ma kowace da tata iyakar, a tambaya kafin a sauka. Cike takardar bayyana kuɗin ba ya sa a karɓe maka ko kwabo, rashin cikewa kuwa yana iya cinye jarin shekara goma. Na ga 'yan kasuwa masu kuɗin halal suna rarraba bandir a safa da aljihun yara don tsoron tambaya, alhali wannan rarrabawar ce ke sa jami'i ya ɗauke su masu laifi.

Ragowar kuɗi idan an zo dawowa ita ma tana son tunani. Sulalla ba sa canzuwa a ko'ina, a kashe su ko a yi sadaka da su kafin a shiga jirgi. Riyal da dirhami da sefa ana iya ajiye su don wata tafiyar, ko a sayar wa ɗan uwa mai shirin tafiya a farashin tsakiya, ku duka biyun ku tsira daga ratar ɗan canji. Fam na Masar da rupi na Indiya da irinsu kuwa a rabu da su tun a can, domin a gida da wuya a sami mai saye da daraja. Kada kuma a binne kuɗin wata ƙasa a akwati shekara da shekaru. Indiya ta soke takardun rupi 500 da 1,000 a dare ɗaya a watan Nuwamba na 2016. Ingila ta daina karɓar tsofaffin fam 20 da fam 50 na takarda a shaguna daga ƙarshen Satumba na 2022, sai an kai su banki a musanya. Takardar yuro 500 an daina fitar da ita tun 2019, kuma duk da tana nan a matsayin kuɗi, shaguna da yawa ba sa taɓa ta. Wanda yake da irin waɗannan a ajiye ya fito da su ya nuna wa ɗan canjin da ya yarda da shi tun kafin ya sayi tikiti.